Samfurin da Auta Ba Ta Ƙarasa Ba

Shekara talatin da huɗu Baba Harafi ya yi yana jera haruffan dalma a wata maɗaba'a da ke ƙarƙashin bene, bayan tashar mota, inda rana ba ta leƙowa sai ta karkata. Ba sunansa na yanka ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, don an ce ko da idonsa a rufe, in ka miƙa masa harafi ya shafa da babban yatsa, zai gaya maka ko ka ne ko ƙa. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma, ranar da tsokana ta motsa mata, takan ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Harafi, abincinka na hucewa."

Mutum ne da ba ya iya ganin abu ba a mazauninsa ba ya wuce. In wani ya gama aiki ya watsa haruffa cikin durowar da ba tasu ba, shi zai tsaya bayan an tashi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. In aka ce, "Baba, wahalar me kake ba kanka?" sai ya ce, "Wanda zai buɗe durowar gobe da safe ba shi ya yi ɓarnar ba."

Da kwamfuta ta shigo, aiki ya fara janyewa, har ranar da mai maɗaba'ar ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe haruffan a buhuna. Baba Harafi ya tsaya yana kallo ana zuba manya da ƙanana cikin buhu ɗaya. Ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

Zaman gida bai karɓe shi ba. 'Ya'yansa biyar duk sun kama gabansu, daga shi sai uwarsu. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya jera takalma bisa tsawo, daga nan ya faɗa kicin ya shirya gwangwanaye bisa harafin farko na abin da ke cikinsu.

"Malam, don Allah ka fita mini daga kicin," in ji matarsa wata safiya, riƙe da cokali. "Wa ya ce maka sukari da sabulu 'yan uwan juna ne? Saura ƙiris in zuba maka garin sabulu a shayi."

"Ai duk da sa suka fara."

"To, ka je ka sha sa ɗin."

Autarsu ce ta ceci kicin ɗin. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara na wani asibiti, tana aure a can ɗaya gefen garin, kuma duk ranar hutunta sai ta leƙo gida. Ita ce ta ɗauko shi sak, har yadda yake karkata kai in yana duba abu. Abin da ya fi ci mata rai a wurin aiki shi ne uwar da za ta kawo yaro bayan ya riga ya galabaita, ta ce ba ta san abin ya kai haka ba. Wannan ya sa Auta ta shiga wani kundin ilimi na intanet, irin wanda kowa ke iya buɗewa ya rubuta ko ya gyara, tana rubuta shafuka da Hausa a kan ƙyanda da gudawa da zazzaɓi da tarin da ke sarƙe jarirai.

Ran nan ta zo da tsohuwar kwamfutarta ta ajiye masa a kan teburin falo.

"Baba, na samo maka aiki. Amma fa babu wanda zai gode maka."

"Wannan ai irin nawa ne. Mene ne?"

Ta jawo kujera kusa da shi. "Ka tuna yadda kuke ɗaure kan wasiƙa ku ajiye, duk wanda ya zo sai dai a canza suna da kwanan wata? To, a nan ma akwai irinsa, samfuri ake ce masa. Ka ga wannan akwatin na gefen shafi, mai hoto da bayani a jere? Sau ɗaya aka tsara shi, amma shafuka ɗari ke kiransa. In ka gyara shi wuri guda, duk sun gyaru."

"In ka ɓata shi fa?"

"Duk sun ɓaci."

Ya gyara zaman tabarau. "To, wa ke tsaronsu?"

"Babu kowa, Baba. Sun fi dubu biyu, zube kawai. Kowa ya ƙera nasa ya yar ya tafi. Jiya na yi rabin awa ina neman na riga-kafi, da na gaji na ƙera sabo, daga baya na tarar akwai guda uku. Ana iya sa kowanne cikin rukuni, kamar durowa, amma kowa ya fi son ya rubuta shafi a ga sunansa."

Baba Harafi ya daɗe yana kallon jerin sunayen da ke gangarowa ba kai ba gindi. Na garuruwa kusa da na tsuntsaye, na tsuntsaye kusa da na 'yan ƙwallo. Ya ji wani abu ya motsa masa a yatsu.

"Nuna mini inda ake dannawa," ya ce.

Da yatsa biyu ya fara, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya yi rajista da sunan Harafi. Kullum in ya karya kumallo sai ya zauna, ba ya tashi sai rana ta take. Ya buɗe rukunin akwatunan bayani, ya buɗe na jerin mahaɗai da ke ƙasan shafi, da na alamomin gargaɗi, kowanne ya raba shi gida-gida: lafiya, ƙasashe, dabbobi, wasanni. Ya yi kurakurai ba kaɗan ba. Akwai ranar da ya manta alama ɗaya, sai ga shafukan garuruwa tamanin sun faɗa cikin rukunin da aka yi don samfura kaɗai. Wani mai kula da kundin, wanda ke amfani da sunan Tsintsiya, shi ya bi ya gyara, sannan ya bar masa saƙo: "Sannu da aiki, Malam Harafi. Ga yadda ake rufe shi don kada ya kwashi shafuka. Kada ka karaya, mun daɗe muna jiran irinka." Baba Harafi bai san ko Tsintsiya babba ne ko matashi ba, bai san garinsu ba. Amma saƙon nan sau uku ya karanta wa matarsa shi.

Auta ce ta fara nuna masa ɗaya matsalar. Ta buɗe shafi a kwamfuta, akwati ya zauna daram. Ta buɗe shi a wayarta, sai ga rabin akwatin ya fice ta gefen dama, kamar babbar tabarma a ƙaramin ɗaki.

"Matan da nake rubuta wa ba su da kwamfuta, Baba. Waya ce, ita ma ƙarama."

Daga ranar ya ƙara wa kansa aiki. Duk samfurin da ya taɓa, sai ya ɗauki 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi ya duba yadda ya fito. Wanda ya fice, sai ya jefa shi cikin wani rukuni da shi da kansa ya ƙirƙira, mai suna "Samfuran da ke karyewa a waya." Auta ta sa wa rukunin suna kurkukun Baba. Sannu a hankali, da taimakon Tsintsiya, ya gane cewa yawancinsu an ƙayyade musu faɗi ne da lamba, an jera bayanansu gefe da gefe. In ka cire lambar, ka sa bayanan su sauko ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sai akwati ya bi girman kowace waya. Fursunoni ɗari uku da 'yan kai ya tara, ya shiga sakinsu ɗaya-ɗaya.

Cikin shekara ta uku da fara aikin nan nasa ƙafafun Auta suka fara kumbura. Ta ce tsayuwar aiki ce. Fuskarta ta biyo baya, ta ce barci ne bai ishe ta ba. Ita da ke yi wa iyaye mata faɗa kan jinkiri, sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin gadon wani yaro kafin ta yarda aka auna ta. Ƙodojinta biyu sun gaza.

Aka sa ta a layin wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, awa huɗu kowane zuwa. Mijinta malamin makaranta ne, ba kullum yake samun fita ba, uwarta kuwa ba ta iya ganin jini yana bin roba. Saboda haka Baba Harafi ne ɗan rakiya. Ɗaki ne dogo mai gadaje shida, fanka ɗaya na juyawa da ƙyar, injuna na ƙara ƙasa-ƙasa. Yakan zauna a kujerar roba ta gefen dama, don hannunta na hagu ne ke ɗauke da allurai. Na daman kuwa waya ce a cikinsa.

"Ki huta mana," yakan ce.

"In na huta sai in riƙa jin injin nan. Baba, ina samfurin riga-kafi?"

"Shiga rukunin lafiya, sai akwatunan bayani. Shi ne na huɗu."

Ta danna da babban yatsa, ta yi murmushi. "Ka ga, da hannu ɗaya ma na same shi. Da can sai na nemo shi da ƙafa."

A kan gadon nan ta ƙera abin da ta daɗe tana buri: akwati guda na cututtukan yara. Sunan cuta, abin da ke kawo ta, yadda ake gane ta, abin da uwa za ta iya yi a gida. Sannan wani sashe da ta yi wa jan launi, ta rubuta masa "Alamomin haɗari: a garzaya asibiti." Wata biyu ta yi tana bin shafukanta tana saka shi, har shafi ɗari da arba'in. Sai dai ta ajiye jan sashen a gefen dama, ta kuma ƙayyade faɗi. A babbar wayarta yana fitowa da ƙyar. A ƙaramar wayar Baba Harafi kuwa, jan sashen gaba ɗaya yana waje.

Ya jefa shi cikin rukunin masu karyewa, sannan ya gaya mata.

"Baba! Ni ma ka kai ni kurkukun?"

"Doka ba ta san 'ya ba."

Ta yi dariya har sai da ma'aikaciyar ɗakin ta leƙo ta ce ta daina motsa hannu. "To, na ji. Amma ni zan fitar da kayana da kaina. Kada ka taɓa mini, ka ji? Na san ka, kafin in juya ka gyara."

"Na bar miki."

"Ka yi alkawari."

"Na yi."

Wata Litinin ta fara gyaran. Ranar jikin ba daɗi, sau biyu wayar na zamewa daga hannunta yana ɗauko mata. Can ta ce idonta na yaji, ta adana abin da ta yi, ta miƙa masa wayar ya sa mata a jaka. A hanyar komawa ta jingina kai a kafaɗarsa cikin mota, abin da rabonta da yi tun tana 'yar firamare. Ran Laraba da hantsi mijinta ya kira. Kafin su isa asibiti ta cika.

Baba Harafi bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa wa kowa, ya riƙa ba surukinsa haƙuri. Da jama'a suka watse, ya rufe kwamfutar da wani tsohon mayafi, ya koma kujerar ƙofar gida. Wata biyu bai ɗaga mayafin ba. Takalma suka cakuɗe a bakin ƙofa bai ko kalle su ba. Matarsa, wadda ta rame har zobenta na zamewa, ita ta gaji da ganinsa haka.

"Malam, ka tashi ka koma kan aikinka."

"Aikin me?"

"Wanda ta ba ka. Ni ina da 'yan uwa mata da nake kuka da su. Kai ba ka da kowa sai injin nan. Zaman nan zai kashe ka, ni kuwa ba zan iya biyu ba."

Ya koma. Bai gaya wa kowa a kundin abin da ya faru ba. Can ba wanda ya san Harafi da Nas Auta, sunan da take rubutu da shi, uba da 'ya ne, don ita ta ce kada a ce tana fakewa da babanta in gardama ta tashi. Ya sunkuyar da kai ya shiga sakin fursunoni kamar wanda ake kora. Ɗari da ashirin suka rage, suka koma sittin, suka koma tara. Wata safiya ya buɗe rukunin ya tarar saura ɗaya.

Ya buɗe tarihin samfurin, inda ake ganin duk wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. Sunanta ne a sama, da kwanan watan Litinin ɗin nan. A gefe, inda mai gyara ke barin ɗan bayani, ta rubuta: "na fara, zan ƙarsa ran Alhamis." Har da harafin da ya faɗi. Ya rufe kwamfutar ya fita.

Haka ya riƙa yi kusan kullum. Ya yi wasu ayyukan, ya raba sababbin samfura, sannan kafin ya tashi ya buɗe tarihin nan ya kalli layin, ya rufe.

Bayan mako uku saƙon Tsintsiya ya shigo. "Malam Harafi, barka da ƙoƙari, ka kusa share rukunin nan tas. Saura na cututtukan yara. Mai shi ta daɗe ba ta shigo ba, na aika mata saƙo sau biyu shiru. Wataƙila ta gaji da mu ne, haka mutane ke yi. In aiki ya yi maka yawa, ni sai in gyara."

Ya karanta, ya cire tabarau, ya mayar. Ya je shafinta ya ga saƙonnin biyu suna zaune, da gaisuwa da komai, har da "muna fatan kina lafiya." Ya rubuta amsa mai tsawo ya goge. A ƙarshe kalma uku ya aika: "A bar shi."

Tsintsiya mai kawaici ne, bai sake tayar da maganar ba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa.

Sai wata rana, a shafin tattaunawa na maƙalar gudawar jarirai, wata baƙuwa ta bar saƙo. Ba ta da rajista, rubutunta ma ba aya ba waƙafi. Ta ce ita ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke nesa da gari, likita sai sau ɗaya a mako yake zuwa musu. Takan tura wa mata shafukan nan a wayoyinsu, masu karatu su karanta wa marasa karatu. Amma jan wurin nan ba ya fitowa, abin da ake gani kawai shi ne "Alamomin ha", sauran ya shige gefe, kuma matan ba su san ana jan shafi da yatsa ba. Ta ce makon jiya wata ta kawo jariri idonsa ya riga ya faɗa, ta ce ta karanta shafin, ta yi duk abin da aka ce a yi a gida, ba ta ga inda aka ce a taho ba. Allah ya sa yaron ya tashi. "Don Allah in da mai iya gyarawa ya taimaka, wurin nan shi ne ya fi amfani."

Baba Harafi ya karanta saƙon har ƙarshe. Sannan ya ɗauki kwamfutar ya shiga ɗaki, inda matarsa ke ninke wanki a bakin gado, ya karanta mata saƙon daga farko har ƙarshe. Ya gaya mata zancen alkawarin, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Wata nawa ke nan?"

"Biyar."

"Wata biyar kana zaune a kan abin nan, kuma ka iya gyarawa?"

"Ta ce kada in taɓa."

"Ta ce kada ka taɓa don tana zaton za ta ga Alhamis." Ta matso kusa da shi. "Malam, ba alkawari kake tsaro ba. Ni ma akwai kwalbar man shafawarta a cikin durowar can, da shatin yatsunta a ciki, ban bari kowa ya taɓa ba. Amma tawa kwalbar ba ta hana ɗan kowa zuwa asibiti. Da tana nan ta ji labarin jaririn nan, da wane ido za ka kalle ta?"

Ta ɗauko rigar ta ci gaba da ninkewa, tana magana.

"Yarinyar da ke dawowa gida ta kasa cin abinci saboda ɗan wata ya mutu a hannunta. Ka tashi, don Allah."

Washegari da safe ya yi wanka ya sa riga mai tsabta, kamar mai zuwa gaisuwa. Ya zauna ya buɗe cikin samfurin, inda rubutun da ke gina akwatin yake. Tun rasuwarta bai taɓa leƙa nan ba, tarihin kawai yake kallo.

Ga aikinta na ranar Litinin. Ta cire lambar faɗi a layi biyu na sama, daidai yadda ya koya mata. A layi na uku ta sa alamar buɗe baka, ba ta sa ta rufewa ba. A na huɗu akwai haruffa shida a jere marasa ma'ana, inda yatsanta ya danne lokacin da wayar ke zamewa. Ya tuna ya sunkuya ya ɗauko mata ita daga ƙarƙashin gado. A ƙasan wannan, cikin irin bayanin da masu gyara ke ɓoyewa don junansu, wanda mai karatu ba ya gani, ta rubuta: "Baba in ka leƙo nan ka karya alkawari. Na san ban jera daidai ba, kar ka yi dariya."

Nan ne kukan da bai yi ba wata bakwai ya zo masa. Ya kifa goshi a bakin teburi, kafaɗunsa na rawa, yana wani sauti da matarsa ba ta taɓa ji daga bakinsa ba cikin shekara arba'in da ɗaya. Ta fito ta tsaya a bayansa, ta ɗora hannu a wuyansa, ba ta ce ya yi haƙuri ba.

Da ya lafa, ya share tabarau da bakin riga ya fara. Babu yadda za a yi jan sashen ya sauko ƙasa ba tare da an rushe ginin an sake shi ba. Ya goge bakan da ba ta rufe ba. Ya goge haruffa shidan, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake dannawa ɗaya ta isa. Kalmominta na cikin akwatin bai canza ko ɗaya ba, sai dai ya ɗauko jan sashen ya kai shi can sama, ƙarƙashin sunan cuta, yadda shi ido zai fara gani. Ɓoyayyen saƙon ya bar shi inda yake. Aikin da bai fi na minti ashirin ba ya kai shi har rana tsaka.

Ya duba a 'yar wayarsa. Gudawa, ƙyanda, sanƙarau, tarin jarirai. Ko'ina jan sashen ya fito cikakke, daga farkon layi har ƙarshe. A wurin bayani ya rubuta: "An ƙarasa." Ya cire samfurin daga rukunin masu karyewa, ya sa shi cikin na lafiya. Ya je ya amsa wa ungozomar cewa ta sake dubawa.

Sannan ya rubuta wa Tsintsiya: "Na gyara. Ka yafe mini jinkirin, laifina ne. Nas Auta ba gajiya ta yi da ku ba. 'Yata ce, ta rasu wata bakwai da suka wuce."

Kwana biyu babu amsa. A na uku ta zo, gajeriya. Tsintsiya ya ce ya karanta tun ranar, ya rasa abin da zai rubuta. Ya ce shekara huɗu suna aiki tare da ita, sun yi gardama ba adadi, kuma yawanci ita ke da gaskiya. Ya roƙi gafara kan maganar da ya yi cewa ta gaji da su. Ya tambaya ko Baba zai yarda a sa sanarwa a shafinta, don masu aika mata saƙo su daina jiran amsa. Baba Harafi ya ce a sa.

Da yamma matarsa ta zo ta zauna kusa da shi a falo, ta ce ya nuna mata abin a waya. Karatunta a hankali yake, tana bi da yatsa. Ta karanta jan sashen a bayyane: in idon yaro ya faɗa, in ya ƙi karɓar nono, in ya daina fitsari, in jikinsa ya saki. Ta ce, "Haka take magana kuwa." Sai ta juya wayar tana dubawa sama da ƙasa.

"Ina sunanta?"

"Ba a sa suna a shafi. Sai a tarihi."

"Nuna mini."

Ya buɗe mata. Ta ƙura ido, ta ga Nas Auta a jere, layi bayan layi har ƙasa. Amma a can sama, a layin farko, Harafi ne.

"Me ya sa kai ne a samanta?"

"Wanda ya taɓa daga ƙarshe shi ke hawa sama."

Ta daɗe tana kallon layukan biyu. "Da ita ce a nan?"

"Har ranar da na gyara."

Ta miƙa masa wayar, ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Baba Harafi yana nan da ransa, ya ba saba'in baya. Idon hagu ya yi yana, likita ya ce ya rage kallon allo, saboda haka awa ɗaya yake yi da safe, wani lokaci ma ba ya cikawa. Sababbin masu gyara da ke shigowa kundin suna samun samfurin da suke nema cikin dannawa biyu, suna zaton haka abin yake tun asali. Yana bin rukunin ƙasashe da na dabbobi da na wasanni, yana mayar da abin da aka ajiye ba daidai ba. Rukunin lafiya kuwa ya roƙi Tsintsiya ya riƙe masa, ya ce shi ba zai iya ba.